Yadda za ka riƙe ma'aikatanka a kamfanin kwangilar aikin kwamfuta tun kafin takardar ajiye aiki ta iso teburinka

Takardar ajiye aiki ta farko da na karɓa bayan an ba ni shugabancin tawaga, daga hannun wanda ban taɓa zato ba ta fito. Matashi ne mai natsuwa, shekara biyu da 'yan watanni yana tare da mu, kuma shi ya fi kowa sanin cikin manhajar da muke kula wa wani kamfanin inshora na ƙasar waje. Bai taɓa makara ba, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya shigo da yamma bayan an watse, ya ajiye takardar, ya tsaya. Na ce ya zauna. Na tambaye shi nawa aka ƙara masa a can, don a raina na riga na yanke cewa kuɗi ne. Ya faɗa mini, ƙarin bai taka kara ya karya ba. Na ce to me ya yi zafi? Ya daɗe yana kallon teburin kafin ya ce, "Oga, shekara biyu ina gyara abin nan. Ban taɓa ganin fuskar mutum ɗaya da ke amfani da shi ba. In ya lalace, ni ake nema. In ya yi kyau, ba na ma sanin ya yi kyau."

Ban iya riƙe shi ba. Amma duk abin da zan faɗa maka a nan, daga wannan zaman ya samo asali, kuma da kai nake, kai da aka danƙa wa mutum takwas ko goma sha biyar aka ce ka fitar da aiki.

Sana'armu tana da wata siffa da ya kamata ka fahimta kafin ka taɓa komai. Kamfani ne zai ga kula da kwamfutocinsa ko rubuta manhajarsa ya yi masa nauyi, sai ya ba wani kamfani kwangila. Tun da Kodak ya miƙa wa IBM cibiyar kwamfutocinsa a 1989 manyan kamfanoni suka daina jin kunyar yin haka. Kamfanonin Indiya irin su TCS da aka kafa a 1968 da Infosys da aka kafa a 1981 sun samu babbar ƙofa lokacin da duniya ta ruɗe da gyaran tsofaffin manhajoji kafin shigowar shekarar 2000, daga nan aikin ya bazu zuwa Filifin da Folan da sauran wurare. A ko'ina aka yi shi, ma'aikacin yana da iyayen gida biyu. Akwai wanda ke biyansa albashi, akwai mai kwangila, wato kamfanin da ya ba da kwangilar, da ke ba shi aiki kullum. Mai ganin ƙoƙarinsa ba shi da ikon ƙara masa girma, mai ikon ƙara masa girma kuma ba ya ganin ƙoƙarinsa. Sunan da ke kan manhajar na wani ne. Da yawa daga cikin ma'aikatanmu, in za su faɗa maka gaskiya, ji suke kura ce ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi.

Shi ya sa mutane ke fita kamar ruwa a kwando. A 2022, adadin ma'aikatan da suka bar Infosys a cikin wata goma sha biyu ya haura kashi 27 cikin 100, wato fiye da mutum ɗaya a cikin kowane huɗu. Ka kwatanta wannan da tawagarka. Kowane mutum ya tafi, da sanin da babu shi a takarda yake tafiya.

Fara da kuɗi, kuma kada ka yi wa kowa wayo a kai

Zan yi maganar albashi da farko don kada ka ɗauka ina cikin masu cewa daɗin baki na maye gurbinsa. A 1959 Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a kan injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh na Amurka. Sun tambaye su lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da aikin ya fi ɓata musu rai. Amsoshin suka rabu gida biyu. Abubuwan ɓacin rai sun fi karkata ga tsarin kamfani, halin shugaba, albashi da yanayin wurin aiki. Abubuwan jin daɗi kuwa sun fi karkata ga cim ma wani abu, a san ka yi, a ba ka amana, ka ci gaba. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan rabe-raben, amma ni abin da na gani da idona ya yi daidai da shi: gyara albashi yana kashe ƙorafi, ba ya kunna zuciya, kuma in ba ka gyara shi ba duk wani abin da za ka yi banza ne.

Abin da ya fi ƙarancin albashi ciwo shi ne bambanci. J. Stacy Adams ya bayyana wannan tun 1963: mutum yana auna abin da ya bayar da abin da ya samu, sa'annan ya dubi na kusa da shi. A sana'armu wannan na faruwa kowace shekara. Kasuwa ta tashi, sai a ɗauko sabon mutum a kan albashin yau, tsohon da zai koya masa aiki kuma yana kan na shekara uku baya da 'yan ƙare-ƙare. Kada ka yaudari kanka cewa ba za su sani ba. Kafin wata ya ƙare sun sani.

Ga abin da nake yi. Wata biyu kafin lokacin duba albashi, ina zama in jera sunayen mutanena da abin da kowa ke ɗauka, in sa alama a kan duk wanda sabon shiga ya wuce shi alhali ya fi shi aiki. In na je wurin manya, ba na zuwa da roƙo. Lissafi nake kai musu: in wannan ta tafi, wata nawa za a ɗauka kafin a samu wani, wata nawa kafin ya iya tsayawa shi kaɗai, kuma a duk tsawon lokacin da yake koyo mai kwangila ba zai biya kuɗin awoyinsa ba. Manya suna jin wannan yaren. Kuma ka nema tun mutum bai fara dube-dube ba. Ƙarin da aka yi wa mutum ranar da ya kawo takardar tafiya yana koya wa sauran darasi ɗaya ne, cewa hanyar samun ƙari ita ce barazana.

In ka nema an hana, ka faɗa wa mutumin gaskiya. Kada ka ce "ana dubawa" in ba a dubawa. Sa'annan ka gyara ƙananan abubuwan da ke hannunka: alawus ɗin aikin dare da ya maƙale a sashen kuɗi, kwamfutar da ke ɗaukar minti goma kafin ta tashi, izinin shiga sabar mai kwangila, wato babbar kwamfutar da manhajarsa ke zaune a kai, da sabon ma'aikaci ke jira mako uku yana zaune. Waɗannan ba sa cikin rahoton kowa, amma su ke cin ran mutum a hankali.

Ka nuna musu inda aikinsu ke sauka

Nan ne na fi daɗewa ina koyo, nan kuma na fi samun riba.

Adam Grant ya yi wani gwaji da aka buga a 2007, a kan masu buga waya suna nema wa wata jami'a a Amurka gudummawa. Aiki ne mai gajiyarwa, yawancin waɗanda aka kira kashe wayar suke yi. Sai aka kawo wa wasu daga cikin ma'aikatan ɗalibi ɗaya da ke karatu da tallafin kuɗin da suke tarawa, ya zauna da su na 'yan mintuna. Bayan wata guda, waɗanda suka gana da shi sun ƙara lokacin da suke yi a kan waya, kuɗin da suke tarawa ma ya ƙaru sosai. Ba a ƙara musu ko sisi ba. Mutumin da aikinsu ke taɓawa kawai suka gani.

Da na karanta wannan sai na tuna da matashin nan nawa. Na rubuta wa wakiliyar mai kwangilarmu na roƙe ta abu ɗaya: sau ɗaya a wata uku, ta haɗa mu da mutum biyu daga cikin masu amfani da manhajar, na minti ashirin, ta bidiyo. Ba manajoji nake so ba, ma'aikatan da hannunsu ke kan abin kullum nake so. Ta yi mamaki, don a cewarta ba wanda ya taɓa neman haka, amma ta amince.

A zama na farko aka kawo wata dattijuwa mai duba takardun neman diyya. Ta buɗe allonta ta nuna mana yadda take aiki. Tana cikin nunawa ta tsaya a kan wani ɗan maɓalli, ta ce a da sai ta kwafe lambar kowane mutum da hannu daga wannan shafi zuwa wancan, kuma in ta yi kuskuren lamba ɗaya, wanda gidansa ya ƙone sai ya ƙara jiran mako guda. Ta ce ba ta san wanda ya sa maɓallin ba, amma tana gode masa. Wadda ta sa shi tana zaune a gefena, wata injiniya da ba ta cika magana ba. A wurinta tikiti ne, wato buƙatar gyara mai lamba, ta rufe shi wata biyar da suka wuce ta manta. Na ce da dattijuwar, "Ga ta nan." Na ga yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta kasa cewa komai. Bayan an tashi ta biyo ni ta ce, "Oga, akwai wani wurin da na ga tana wahala, ba ta ma faɗa ba. In duba?" Ba wanda ya sa ta. Gani ya kori ji.

To ka nemi irin wannan zaman. In mai kwangila ya ƙi saboda dokokin sirri, ka nemi ƙasa da haka: hoton bidiyo na minti biyu, ko saƙo daga mai amfani da aka cire sunansa. In an zo nuna sabon aiki ga mai kwangila, wanda ya yi shi ya nuna da bakinsa, kai ka yi shiru, ko da Turancinsa bai kai naka ba. In imel ɗin yabo ya zo maka, kada ya kwana a akwatinka. Ka tura wa mai shi, ka sa shugabanka a ciki, ka rubuta sunansa da ainihin abin da ya yi. "Sannunku da ƙoƙari" ga kowa da kowa ba ya isa kunnen kowa.

Sa'annan ka duba yadda kake raba aiki. Richard Hackman da Greg Oldham sun lissafa siffofi biyar da ke sa aiki ya yi wa mai shi ma'ana, a aikin da suka buga a 1976: ya buƙaci ƙwarewa iri-iri, ya zama abu cikakke mai farko da ƙarshe, ya shafi wasu, mai shi ya samu 'yancin zaɓar yadda zai yi, kuma ya riƙa sanin sakamako. Tsarin tikiti yana kashe na biyun kai tsaye. Ana yayyanka aiki ƙanana-ƙanana a jefa wa duk wanda hannunsa ya sarara, har ya zama ba wanda zai iya nuna wani abu ya ce nawa ne. Ni yanzu kowane sashe na manhaja yana da mai shi da mataimakinsa. Duk tikitin da ya shafi sashen biyan kuɗi, wurin mutum ɗaya yake fara zuwa. Shi ke yanke shawarar yadda za a gyara, shi mai kwangila ke kira da suna. Za ka ga mutum ya fara share dattin da ba wanda ya ce ya share, saboda ɗakinsa ne.

Wata kalma kuma da nake roƙonka ka cire daga bakinka: wadda ake kiran mutane da ita a takardun kwangila, wato "resource", mai ma'anar kayan aiki. "Muna buƙatar guda uku a wannan aikin." Mutanenka suna karanta waɗannan saƙonni.

Ma'auni

Kowace kwangila tana da wa'adi a rubuce: a amsa ƙorafi cikin minti kaza, a warware shi cikin awa kaza, in an saɓa a cire wa kamfani kuɗi. Wannan ba ya hannunka. Abin da ke hannunka shi ne ko za ka juye wannan ma'aunin kai tsaye a kan kowane mutum.

Na taɓa yi. Na kafa allo mai nuna yawan tikitin da kowa ya rufe a mako. Cikin wata guda lambobi suka yi kyau, aiki ya lalace. Mutane suka koma wawason tikiti masu sauƙi, masu wuya suna tsufa. Ana rufe ƙorafi da "a sake kunna kwamfuta" ya dawo bayan kwana biyu da sabuwar lamba. Wanda ya fi kowa taimaka wa abokan aiki ya koma ƙasan jeri, don lokacinsa a kan matsalolin wasu yake tafiya. Masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura da irin wannan tun 1975: da zarar an mai da ma'auni abin da ake kora, ya daina auna gaskiya.

Na sauke allon. Yanzu wa'adi na tawaga ne gaba ɗaya, kuma abin da nake sa wa ido shi ne tikiti nawa aka sake buɗewa, da kuma wace matsala ce ke ta dawowa. Wanda ya kashe tushen matsalar da ke haifar da tikiti talatin a wata ya fi wanda ya rufe talatin ɗin, kuma sai ka faɗi haka a gaban kowa kafin su yarda da gaske kake. Manhajojin leƙen asiri masu ƙirga motsin linzami da ɗaukar hoton allo kuwa, in mai kwangila bai tilasta ba, kada ka kawo su. In ya tilasta, ka gaya wa mutanenka abin da ake ɗauka da wanda ke gani.

Dare

Tsakanin Bangalo ta Indiya da New York akwai awa tara da rabi a lokacin bazarar Amurka, goma da rabi a lokacin sanyi. Tsakanin Manila ta Filifin da New York awa goma sha biyu ne ko sha uku. Duk inda kake, in mai kwangilarka na wata nahiya, wani a tawagarka yana sayar da barcinsa. Kada ka ɗauki wannan da wasa. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar a 2007, ta sake tabbatar da haka a 2019. Jiki magayi.

Jadawalin dare ya fito aƙalla wata guda kafin lokaci, don mutum ya tsara gidansa. Ya zagaya kan kowa, har da manya. Ni ma ina ɗaukar makona na jiran kira, kuma ba don nuna bajinta ba: sai da wayar ta tashe ni sau huɗu a dare ɗaya a kan ƙararrawar manhaja da ba ta nufin komai na gane abin da yarana ke sha, washegari muka zauna muka kashe rabin ƙararrawar. Wanda aka tasa da tsakar dare, kada a jira shi da safe, kuma kada ya roƙa. Mitin ɗin da ake yi da mai kwangila, ka nemi a riƙa sauya lokacinsa, wannan watan su yi sammako, wata mai zuwa ku ku yi dare. Sau da yawa ba mugunta ce ta sa suke sa shi a lokacin da ya yi musu daɗi ba, ba wanda ya taɓa ce musu ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne a wurinku.

Injiniyoyin Google masu kula da tsayuwar manhajojinsa suna da ƙa'idar da na ara: aikin kashe gobara da maimaita abu ɗaya kada ya wuce rabin lokacin mutum, sauran rabin na gina abin da zai rage gobarar ne. Ban taɓa kai rabi cif ba a aikin kwangila, amma ko yini ɗaya a mako ka ƙwato, za ka ga bambanci. Faransa ma tun 2017 ta sa doka a kan 'yancin ma'aikaci na kashe waya bayan tashi daga aiki. Ba sai ka jira doka ba. Kai dai ka daina tura saƙo da dare, don duk abin da ka rubuta a ƙasansa na "ba gaggawa", saƙon shugaba gaggawa ne.

Ka zama bango tsakaninsu da zafin mai kwangila

Mai kwangila yana biya, don haka yana ganin yana da iko da kowa. Za ka samu manaja a can yana tura wa ƙaramin ma'aikacinka saƙo kai tsaye: ɗan ƙara mini wannan, ba zai ɗau lokaci ba. Yaron ba zai iya cewa a'a ba. Kafin ka farga yana ɗauke da aikin mutum biyu, rabi ba ya cikin lissafi. Ka kafa ƙofa ɗaya da duk buƙata za ta bi, ka kuma ba mutanenka jimlar da za su faɗa ba tare da tsoro ba: "To, bari in sa a jeri, shugabana zai gaya maka lokacin da zai fito." Cewa a'a aikinka ne.

In wa'adi ya matso aiki bai ƙare ba, manya za su ce a ƙaro mutane. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi, don tsofaffin za su bar aiki su koma koyarwa. Ka je wurin mai kwangila da zaɓi biyu, a rage abin da za a bayar ko a ɗaga rana. Zai yi fushi na yini ɗaya. Ƙona tawagarka na wata biyu ya fi wannan tsada.

Ranar da aka yi ɓarna kuwa, ranar ce mutanenka za su san ko kai wane ne. Wani yaro a wurina ya taɓa goge bayanan da bai kamata ba a sabar da ke aiki, manhaja ta tsaya kusan awa uku. Mai kwangila ya ce a ba shi suna. Na ce sunana ne a kan kwangilar. Da muka zauna bincike, tambayar da na hana a yi ita ce wa ya yi. Muka tambayi yadda aka yi tsarinmu ya bar mutum ɗaya, da ƙarfe biyun dare, ya iya goge irin wannan ba tare da wani ya duba ba. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta gano a binciken da ta yi a asibitoci cewa rukunonin da suka fi kyawun shugabanci sun fi kawo rahoton kurakurai, saboda ba sa tsoron faɗa. Tun daga ranar, yarana da kansu suke zuwa su ce "Oga, na yi kuskure" tun abin bai girma ba. Wancan yaron yanzu shi ke horar da sababbi a kan taka-tsantsan.

Benci, da tsoron tsufa a kan tsohuwar manhaja

Kwangila ta ƙare, ba a samu sabuwa ba, sai a ce mutum yana benci. Albashi na shiga, aiki babu. Daga nesa kamar hutu ne, amma wanda ya zauna a kai ya san zaman fargaba ne, kullum yana jiran a kira shi ofishin kula da ma'aikata. Kada ka bar naka ya zauna haka. Ka gaya masa abin da ka sani game da aikin da ke tafe, ka ba shi abu na gaske ya gina, ko kayan aikin cikin gida da kuka daɗe kuna buƙata, ka sa masa ranar jarrabawar wata takardar shaida, kamfani ya biya.

Kishiyar benci ita ce mutumin da ya ƙware a tsohuwar manhaja har ya zama ba a iya ɗaga shi. Mai kwangila na son sa, kai ma hankalinka kwance, shi kuwa yana kallon abokansa suna koyon sababbin abubuwa yana lissafin shekarunsa. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta fara rubuta manhaja da amsa ƙananan tikiti, wannan tsoron ya ninka. Ƙwarewarsa kada ta zama kurkukunsa. Ka sa masa mataimaki tun yau, ka yi masa alkawarin ranar da zai koma wani aikin, ka cika. Kuma ka yi faɗa a sama don a buɗe hanyar ƙarin girma ga wanda ba ya son zama manaja. Na ga injiniyoyi masu kyau da aka mai da shugabanni marasa daɗi don kawai babu wata hanyar ƙara musu albashi.

Batun aiki daga gida, in kwangila ta yarda, ka ba su. Gwajin da Nicholas Bloom da abokansa suka yi a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin a kan ma'aikata sama da 1,600, wanda aka buga a 2024, ya nuna kwana biyu a gida kowane mako ya rage ajiye aiki da kashi ɗaya cikin uku, kuma ingancin aiki bai faɗi ba.

Zaman mutum biyu

Duk abin da na lissafa, ba za ka san wanne ne ke damun wane ba sai ka tambaya. Minti talatin, kowane mako biyu, kai da mutum ɗaya. Ba zaman jin inda aiki ya tsaya ba ne, wannan yana kan allo. Kada ka ɗaga shi saboda mai kwangila ya kira, don ɗagawar ma saƙo ce.

Tambayoyina ba su da yawa. Me ya fi cin ranka a makon nan? Wane aiki ne ka yi lokaci ya wuce ba ka sani ba? In wani kamfani ya kira ka gobe, me za su faɗa maka da zai sa ka saurara? Ta ƙarshen tana da nauyi a baki, kuma a zaman farko kowa zai ce lafiya lau. Ka yi haƙuri da shirun. A zama na uku ko na huɗu ake fara magana, kuma sai in an ga ka yi wani abu a kan ƙaramin da aka faɗa maka a baya. Vineet Nayar, lokacin da yake shugabantar kamfanin HCL Technologies na Indiya, ya kai abin har ma'aikata na auna manajojinsu a buɗe sakamakon a gani, da nasa a ciki. Kai ma ka tambayi naka: me nake yi da ke wahalar da ku? Ka rubuta amsar, kada ka kare kanka.

Ka kuma sa ido a kan wanda ya yi shiru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ma'aikaci da alamu uku: gajiyar da ba ta wucewa, janye zuciya daga aiki, da raguwar iya aikin. Mai gardama a mitin har yanzu yana tare da kai. Wanda a da yake gardama yanzu ya koma "to" da "ba matsala", shi ne za ka kira yau.

In kuma duk da haka takarda ta zo, ka karɓa da mutunci. Kada ka mai da kwanakin notis na horo, kada ka ja masa rai a kan takardar sallama. Sauran suna kallon yadda ake fita. Bayan wata uku ka kira shi, lokacin ba ya tsoron komai daga gare ka. Na kira wancan matashin nawa haka. Mun gaisa, na sake yi masa tambayar da na yi masa a ofis. Ya ce akwai abin da bai faɗa ba: sau uku yana rubuta shawarar yadda za a kashe wata matsala da ke tashin su da dare, sau uku ina cewa zan duba. Muna ajiye waya na buɗe akwatin imel na nemo su. Suna nan duka ukun, na ƙarshen ko buɗe shi ban yi ba. Ranar Litinin na kai wa tawaga, muka sa shi a jerin aikin makon, da sunansa a kai.